FURE A CIKIN TUKUNYA: YADDA MUTANEN ƘASASHEN SANYI SUKE RENON AMARILIS DA OKID

A ƙasashen arewacin Turai da arewacin Amurka, aikin gona yakan tsaya daga watan Nuwamba har zuwa Maris. Ƙasa takan daskare, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, itatuwa su kaɗe ganye. A ƙasar Holan, a tsakiyar watan Disamba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba ya cika awa 8. Duk da haka, in ka shiga gidajen mutanen can a wannan lokaci, sai ka tarar da furanni a cikin tukwane an jera su a bakin taga. Guda biyu suna da farin jini ƙwarai, wato amarilis da okid.

Wani zai ce, mu da muke fama da gero da dawa, ina ruwanmu da furen Bature? Ai ba na Bature ba ne tun asali. Dukansu biyu baƙi ne a ƙasar sanyi, daga ƙasashe masu ɗumi suka fito. Abin da ya sa suke rayuwa a can shi ne, masu renonsu sun binciki inda kowane ya fito, suka shirya masa damina da rani irin na gidansu a cikin ɗaki. Wannan dabara ta shafe mu, musamman masu noman albasa, da waɗanda suka fara tunanin sayar da furanni a birni.

ASALIN AMARILIS

Amarilis yana da kai a ƙarƙashin ƙasa kamar albasa, amma ya fi ta girma. Masana tsire-tsire na yau sun sa shi cikin dangi ɗaya da albasa da tafarnuwa, da kuma albasar kwaɗi wadda muke gani a fadama da farkon damina. Asalinsa Amurka ta Kudu ne, musamman ƙasashen Barazil da Peru da Bolibiya. Sunansa a wurin masana Hippeastrum.

A shekarar 1799 wani mai gyaran agogo a Ingila, Arthur Johnson, ya haɗa iri biyu ya sami sabon iri. Daga baya manoman Holan suka riƙe sana'ar, suka fitar da masu manyan furanni, ja da fari da masu zane. Ana kuma noman albasarsa don sayarwa a Afirka ta Kudu da Barazil da Peru.

Abu mafi muhimmanci shi ne wannan: albasar amarilis rumbu ce. Duk abincin da ganye ya yi a lokacin ɗumi, a cikinta ake tara shi, kamar yadda Yusufu ya tara hatsi a Masar a shekarun ƙoshi. Har furen kansa an riga an sifanta shi a ciki. In aka tsaga babbar albasa, za a gan shi ɗan ƙarami a kwance. Kusan kowane ganye huɗu da tsiron ya yi, yakan ajiye ƙullin fure ɗaya. Saboda haka furen da mutum ya gani ranar Kirsimeti, ladan aikin da ganye ya yi ne watanni da yawa kafin nan.

YADDA SUKE DASA SHI

1. Sukan zaɓi albasa babba, mai nauyi, mai ƙarfi in an matsa ta. A kasuwa ana auna kewayenta. Mai santimita 26 zuwa 28 takan ba da kara ɗaya ko biyu, mai santimita 34 takan ba da biyu ko uku. Wadda ta yi taushi ko ta yi fumfuna, ba a sayenta.

2. Tukunya ba ta da girma. Tsakanin albasa da bakin tukunya kada ya wuce faɗin yatsa biyu. Dole ta kasance da huda a gindi, kuma ta yi nauyi don kada kara ya kayar da ita.

3. Ƙasar ta zama mai sauƙi, wadda ruwa yake wucewa. Ba a binne albasar duka. Kashi ɗaya cikin uku yana waje, har da wuyanta.

4. A ba ta ruwa sau ɗaya a gefen tukunya, ba a kan wuya ba. Daga nan sai kaɗan-kaɗan har tsiro ya leƙo. Albasar da ba ta yi sabuwar saiwa ba, ba ta iya shan ruwa da yawa, in an cika mata sai ta ruɓe. Wannan kuskure shi ya fi kashe su.

5. A ajiye tukunya wuri mai haske da ɗumi, wajen digiri 21 a ma'aunin Salsiyos. Kara yakan karkata wajen taga, don haka ana juya tukunyar kowane kwana biyu ko uku.

Bayan mako 6 zuwa 8 fure yakan buɗe, wani lokaci har mako 10. Karan yakan kai kamu ɗaya ko fiye, galibi da furanni huɗu a kansa, kowane ya kusa tafin hannu ko ya fi. Wanda yake son fure ranar Kirsimeti sai ya ƙirga baya, ya dasa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Da furen ya buɗe, akan janye shi daga rana zuwa wuri mai ɗan sanyi don ya daɗe.

BAYAN FURE YA BUSHE

A nan ne mutane da yawa suke hasara. Sukan ga fure ya ƙare, sai su yar da tukunya, ko su yanke ganyen. Alhali rumbun ya koma kusan wofi, albasar ma ta rame. Mai hankali karan fure kaɗai yake yankewa. Ganyen kuwa ya bar shi, ya riƙa ba shi ruwa da ɗan taki kowane mako biyu ko uku. Da sanyi ya wuce, sai ya fitar da tukunyar waje ta sha haske dukan watannin ɗumi.

Wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba sai ya daina ba ta ruwa. Ganye ya yi rawaya ya bushe. Ya kai tukunyar wuri mai duhu, mai sanyin digiri 10 zuwa 13, ya bar ta mako 8 zuwa 10. Wannan shi ne ranin da ya shirya mata. Bayan hutun sai ya sake mata ƙasar sama, ya ba ta ruwa, ya mayar da ita ɗumi. In an bi da ita haka, albasa ɗaya tana yin shekaru da yawa. Tana kuma haifar 'ya'ya a gefenta, waɗanda in an raba su aka dasa, sukan yi fure bayan shekara 2 ko 3.

OKID, WANDA BA YA SON ƘASA

Okid dangi ne mai yawa, akwai wajen iri 28,000 a duniya. Wanda aka fi ajiyewa a ɗaki shi ne Phalaenopsis, mai fure kamar malam-buɗe-littafi. Gidansa dazuzzukan Filifin da Indunisiya da maƙwabtansu. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, a jikin itace yake maƙalewa. Amma ba kamar kauci ba ne. Kauci yana tsotsar ruwan itacen da ya hau, shi kuwa okid wurin zama kawai ya ara. Saiwoyinsa masu kauri suna lilo a iska, su sha ruwan sama, su bushe nan da nan.

Wanda ya gane wannan ya gane renon okid. In ka dasa shi a ƙasar gona, saiwar za ta rasa iska ta ruɓe. Saboda haka akan cika tukunyar da gutsattsarin ɓawon itace, wani lokaci a haɗa da gawayi ko ɓawon kwakwa. Da yawa suna amfani da tukunyar roba mai garai-garai don su riƙa ganin saiwa. In saiwar kore ce, ta ƙoshi. In ta koma fari-fari kamar azurfa, lokacin ruwa ya yi, galibi sau ɗaya a mako. A zuba ruwa sosai ya tsiyaye ta gindi, kada tukunya ta zauna cikin ruwa. Kada kuma ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, gama daga nan ruɓa take kamawa.

Yana son haske, amma ba ya son rana ta buge shi kai tsaye, don a inuwar itace ya saba. Taga mai duban gabas ta fi. Matsalar ɗakunan ƙasar sanyi ita ce na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska, kamar yadda hunturu yake yi mana. Don haka akan nisanta tukunya da na'urar, a haɗa tukwane wuri ɗaya, ko a ɗora su a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa. Taki kuwa a tsinka shi ƙwarai, ya zama rabi ko rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwali.

Shi ma yana da abin da yake tashe shi ya yi fure. In dare ya ɗan yi sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18 na 'yan makonni, sai karan fure ya fito. Furen yakan daɗe wata 2 ko 3. Ba a hana shi ruwa gaba ɗaya kamar amarilis, domin ba shi da albasa ta ajiya. Kowane shekara biyu akan sake masa ɓawo, don tsohon yakan ruɓe ya toshe iska.

Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci a cikinsa. A daji ba ya tsirowa sai ya haɗu da wata irin fumfuna mai ciyar da shi. Wannan ya sa a dā okid ya yi tsada ƙwarai, aka riƙa kwaso shi daga daji. A shekarar 1922 wani masani a Amurka, Lewis Knudson, ya nuna yadda za a tsirar da irin a cikin kwalba da sukari da sinadarai. Yanzu a ɗakunan bincike ake haifar da su da yawa, shi ya sa talaka ma yana iya saye.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko, albasa. Yadda amarilis yake tara abinci a shekara ɗaya ya yi fure daga baya, haka albasarmu take. Manoman Aliero a Jihar Kebbi da na Galmi a Jamhuriyar Nijar sun san cewa iri yana fitowa ne daga kan albasa da aka ajiye aka sake dasawa, kuma sanyin hunturu ne yake fito da karan fure. Jaraba takan zo lokacin da kuɗin albasa ya tashi: mutum ya sayar da manyan, ya bar ƙanana da masu tabo don iri. Ƙaramin rumbu ba ya ciyar da babban gida. Mu ware na iri tun ranar girbi, mu ajiye su a inuwa inda iska take ratsawa. Kada kuma mu yi gaggawar yankan lawashi tun albasa ba ta ƙosa ba, gama ganyen ne yake cika kan.

Na biyu, amarilis ba ya bukatar ɗaki a wurinmu. Akwai wani irinsa mai jan fure da ake gani a harabar makarantu da majami'u da asibitoci, yana buɗewa da rani, har a Turancin ƙasar nan sunansa yana nufin furen hunturu. Raninmu ya ba shi hutun da Bature yake wahalar shirya masa. Ƙungiyar da take kusa da gari kamar Jos ko Kaduna ko Abuja tana iya raba 'ya'yansa ta rena a tukwanen ƙasa, a haɗa kashi biyu na ƙasa da ɗaya na ruɓaɓɓen taki da ɗaya na yashi, a sa tsingaro a kan huda. Amma a nemi mai saye tukuna, a fara da tukwane kaɗan, kada a taɓa kuɗin taki ko na iri. Okid na ɗaki kuwa zafin bazara da busasshiyar iskar arewa sun yi masa yawa. Wurare masu sanyi kamar Filato da Mambila sun fi dacewa da shi.

Na uku, gargaɗi. Albasar amarilis da albasar kwaɗi suna da dafi. Wanda ya ci zai yi amai da zawo, haka ma dabbobi. Da yake sun yi kama da albasar miya, kada a ajiye su a madafa ko a rumbu ɗaya da ita, kada kuma a bar su inda yara za su ɗauka. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan da nan.

Na huɗu, muna da namu okid a daji, waɗansu a kan itatuwa, waɗansu a cikin ciyawa. In wani ya zo yana ba da kuɗi a tono masa su, mu yi hattara. Yawancinsu sukan mutu in an raba su da wurinsu, kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta shekarar 1973 ta sa ka'ida a kan fitar da okid daga wata ƙasa zuwa wata. Allah ya ba mu amanar daji kamar yadda ya ba mu amanar gona.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba. A tambayi kowane mai noman albasa ko ya ware na iri, da kuma inda ya ajiye su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu.