Labarin Makarantar Lauyoyi ta Harvard da Yadda Ake Karatu a Cikinta

Ku sani, ya ku masu karatu, a ƙasar Amurka akwai wani gari wai shi Cambridge, kogi ne kawai ya raba shi da birnin Boston. A nan Jami'ar Harvard take tun shekarar 1636, a cikinta kuma aka buɗe makarantar koyon shari'a a 1817. Sunanta ya game duniya saboda manyan mutanen da ta yaye. Barack Obama, wanda ya mulki Amurka daga 2009 zuwa 2017, a nan ya sauke karatunsa a 1991. A 2022 kuwa, cikin alƙalai tara na Kotun Ƙoli ta ƙasar, huɗu almajiranta ne, huɗu na kishiyarta Yale, ɗaya tak ta fito daga wata makarantar.

Ƙofar shigarta ƙunci gare ta. Sai mutum ya gama shekara huɗu a jami'a, ko da wane fanni ya karanta, sa'an nan ya ci jarrabawar shiga. Dubbai ke nema kowace shekara, kimanin 560 ake ɗauka, a kasa su kashi bakwai, kowane kashi wajen mutum 80. Karatun shekara uku ne. Mata ba su sami shiga ba sai a 1950.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ne hanyar koyarwarta. A da, malami kan karanta ƙa'idodi, almajirai su rubuta su haddace. A 1870 aka naɗa Christopher Langdell shugaban makarantar, ya ga lalle a canza. Ya tattara hukunce-hukuncen da alƙalai suka riga suka yanke, ya mai da su littafi a 1871, ya sa almajiri ya tono illar hukunci da kansa. Da fari yawancin almajirai suka gudu daga darasinsa, amma daga baya makarantun shari'a na Amurka suka bi sawunsa.

Ga misalin mas'alar da ake bai wa 'yan shekarar farko, wadda fatake za su gane ta da wuri. A Ingila aka yanke ta a 1854. Wani mai injin niƙa, Hadley, a garin Gloucester, sandar ƙarfen da ke juya injinsa ta karye. Ya ba kamfanin dako na su Baxendale su kai ta Greenwich, inda za a duba ta a ƙera sabuwa. Masu dako suka yi jinkiri na kwanaki, inji ya zauna ba aiki, Hadley ya kai ƙara a biya shi ribar da ta kuɓuce masa. Kotu ta ƙi, domin a ganinta ba a bayyana wa masu dako cewa injin zai tsaya har sandar ta dawo ba. Watau wanda ya saɓa alkawarin ciniki, abin da zai rama shi ne hasarar da aka saba gani a irin wannan saɓawa, ko wadda su biyun suka sani tun ran da suka ƙulla.

Almajiri zai kwana yana bitar wannan. Da safe shehun malami ya kira sunansa ba zato a gaban mutum tamanin, ya tambaye shi wa ya kai ƙara, me ya nema, mece ce hujjar alƙali. In ya amsa, sai a juya masa mas'alar: in da an gaya wa masu dako tun farko fa? In da Hadley yana da wata sandar a ajiye fa? Haka za a yi ta matsa shi har ya ga iyakar inda ƙa'idar ta tsaya. Wanda ya haddace lafazi bai san illa ba, nan take asirinsa ke tonuwa.

To, amma ilmin nan da tsada yake. A 2023 kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, ban da abinci da masauki da littattafai. Ana rage wa mabukata, duk da haka da yawa da rance suke gamawa. Manyan kamfanonin lauyoyi kuwa, masu yi wa bankuna da attajirai aiki, a wannan shekara suna biyan sabon lauya fiye da dala 200,000. Saboda haka wanda ya shiga da niyyar tsaya wa talaka a gaban alƙali, sau da yawa bashi kan karkata shi zuwa ƙofar masu dukiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makarantar ta san da haka, shi ya sa tun 1978 take taimaka wa almajiranta da suka zaɓi aiki mai ƙaramin albashi wajen biyan rancensu.

Baƙo wanda ya riga ya karanta shari'a a ƙasarsu yana da tasa ƙofar, karatun shekara guda, ana ɗaukar kimanin 180 daga ƙasashe da yawa. Kuma a sani, takardar Harvard ba ta isa mutum ya tsaya a gaban kotu ba, sai ya sami izinin jihar da zai yi aiki a cikinta, galibi ta hanyar wata jarrabawar dabam.

Uban da ke da niyyar aika ɗansa can, ya lissafa kuɗin tukuna kamar yadda falke ke lissafa guzuri kafin ya ɗaura kaya, kana ya tambayi yaron wa yake nufin ya tsaya wa in ya sauke.