Kasuwar bisashe ta tashi, hotuna sun rage

A kudu maso yammacin ƙasar Ingila akwai wani lardi mai suna Devon, ƙasar manoma da makiyaya. Cikin lardin nan akwai wani ƙaramin gari, Hatherleigh, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. Abin da ya ɗaukaka sunan garin tun kaka da kakanni shi ne kasuwarsa ta bisashe, inda manoman karkara suke kawo shanu da tumaki a yi gwanjonsu. A shekara ta 2018 aka rufe kasuwar bisashen, aka ba da filinta domin gina gidaje. Yau wanda yake so ya ga yadda take ci a da, sai ya nemi hotuna.

Ɗaukar hoton zaman yau da kullum tsohuwar al'ada ce a Ingila, kuma masu yi don sha'awa, ba don neman kuɗi ba, su ne suka fi riƙe ta. A shekara ta 1897 wani attajiri na birnin Barmingam, Benjamin Stone, wanda yake wakili a majalisar dokoki, ya kafa ƙungiya domin tara hotunan tsofaffin gine-gine da bukukuwa da al'adun ƙasar kafin su ɓace. Sa'an nan a 1900 kamfanin Kodak ya fitar da wani ɗan akwatin ɗaukar hoto mai suna Brownie, wanda ake sayarwa sule 5 a Ingila. Daga nan malamin makaranta da mai kanti da ɗiyar manomi duk suka samu halin ɗaukar hoton garinsu.

A arewacin Devon, wanda ya fi kowa ƙoƙari a wannan aiki shi ne James Ravilious. An haife shi a 1939. Ya fara da koyon aikin lissafin kuɗi, ya bari ya koma zane, ya yi koyarwa a Landan. Babu makarantar da ta koya masa ɗaukar hoto. A 1969 ya ga nunin hotunan Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, abin ya shiga ransa, ya koya wa kansa. A 1972, bayan ya ƙaura zuwa Devon, shugaban wata cibiyar al'adu ta ƙauyen Beaford, John Lane, ya danƙa masa aiki ɗaya: ya nuna wa mutanen yankin yadda suke zamansu.

Ravilious ya yi shekara 17 yana wannan aiki, ya tara hoto wajen 80,000, baƙi da fari. Mafi yawansu ya ɗauke su tsakanin kogin Taw da kogin Torridge, bai yi nisan da ya wuce kilomita 16 daga gidansa ba. Ya ɗauki dillali yana kiran farashi a kasuwar Hatherleigh, da manoma sun jingina da shinge suna duban saniya. Ya ɗauki masu askin tumaki, da masu baibayar ɗaki da ciyawa, da likita a gidan maras lafiya, da yara bisa hanyar makaranta, da bikin watan Nuwamba wanda ƴan garin suke jan gangunan kwalta masu cin wuta cikin tituna.

Dabararsa haƙuri ce. Ba ya jera mutane ya ce su tsaya su dube shi. Yakan yi ta zuwa gona ɗaya har masu gida su saba da shi, su ci gaba da aikinsu kamar ba ya nan. Ƙaramar na'ura ƙirar Leica yake riƙewa, da tsofaffin gilasai na kafin yaƙin duniya na biyu, domin sun fi fitar da haske mai laushi.

Har ila yau ya bi gida gida yana roƙon mutane su fito da tsofaffin hotunan da suka gada. Ya kwafi wajen 5,000, ya mayar wa masu su abinsu. Da yawa cikinsu ƴan gari ne suka ɗauke su don sha'awa, suka ajiye cikin akwati. A nan ne amfanin rubutu ya fito fili. Hoton da aka san sunan mai shi da garin da shekarar, ya zama shaida ta tarihi. Wanda ba a rubuta komi a bayansa ba, in tsofaffin da suka san fuskokin suka ƙare, labarinsa ya ƙare tare da su.

Ravilious ya rasu a 1999. Shekara biyu bayan haka, a 2001, cutar baki da kofato ta faɗa wa Ingila, aka hallaka bisashe fiye da miliyan 6, kuma kewayen Hatherleigh yana cikin wuraren da suka fi jin jiki. Ƙananan gonaki sun yi ta raguwa, injuna sun karɓi ayyukan hannu, daga bisani kasuwar bisashen ta bi baya.

Lokacin da ake ɗaukar hotunan nan, babu mai ganin ranar kasuwa abin ajiyewa ce, tun da kowane mako tana komowa. Sarakuna da manyan gine-gine ba su rasa mai ɗaukarsu. Aikin talaka kuwa, sai an samu mai lura daga cikin gari. Yanzu cibiyar Beaford ta sa dubban hotunan a intanet, jikokin manoman Devon suna shiga suna neman fuskokin kakanninsu a bakin shingen kasuwa.