Asusun Masu Ciwon Daji: Me Ya Kai Mu Kasuwar Adjamé?

 Iyayenmu da yawa sun ga ɗaliban madarasarmu da akwatin taimako a kasuwar Adjamé cikin watan Oktoba, wasu har suka ce, "Kai, yaran nan bara suka koma?" To, ga bayanin abin.

Ciwon daji, ko kansa, yana farawa ne idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka shiga hayayyafa ba tsari, har su zama ƙari, daga nan su bazu. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa. A nan Kodebuwa, na mama da na bakin mahaifa su suka fi kama mata. Shi ya sa aka ware Oktoba don faɗakarwa kan na mama, abin da ake kira Octobre Rose.

Magani fa akwai. Asibitin CHU na Treichville yana da sashen masu wannan ciwo, har da na yara. A Cocody kuma akwai cibiyar CNRAO da aka buɗe a Disambar 2017, inda ake ƙona ƙarin da hasken na'ura. Kafin ita, mai buƙatar wannan sai ya fita waje. Tun 2019 ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 allurar rigakafin ƙwayar HPV, wadda ke jawo na bakin mahaifa.

Matsalar ita ce jinkiri. Uwa za ta ji kullutu a mama, ba ya ciwo, sai ta yi shiru don kunya ko tsoro. Ga kuɗin gbaka da woro-woro, ga kuɗin awo, ga cinikin yini guda da za ta rasa in ta bar teburinta. Kafin a je asibiti, abu ya yi nisa. Kun ga, abin da muka tara ba zai biya magani gaba ɗaya ba, mun sani. Amma yana iya biyan kuɗin mota da awon farko, kuma wannan matakin shi ne mutane suka fi kasa ɗauka.

Ga yadda muka tsara aikin. Ba mai fita shi kaɗai: biyu-biyu muke tafiya, da malami ko malama kusa. Akwatin a kulle yake, mabuɗin yana wajen kwamitin iyaye. Ɗaya yana riƙe akwati, ɗaya yana rubuta abin da aka saka, ko dala biyar ce ko jika. Bayan La'asar a ƙirga a gaban kowa, a gwada da littafi. Wanda ya ce nasa zakka ce, dabam muke rubutawa, domin a darasin fiƙihu mun koyi cewa zakka tana da mutane iri takwas da ake ba, ba kamar sadaka ba. Sunan majinyaci kuwa ba ma faɗa wa kowa, don rufin asiri.

'Yan matanmu sun zaga rumfunan atamfa suna magana da iyayenmu mata da Hausa da Julanci, abin da mu duka muka ga ya fi kuɗin ma amfani. Masu garba da 'yan dako, waɗanda samunsu kaɗan ne, wallahi ba su bar mu mun wuce hannu wofi ba.

Roƙonmu gare ku, iyaye da 'yan uwa: kullutu, ko jinin da ba na al'ada ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a kai asibiti da wuri. Neman magani ba ya kore tawakkali. Ɗalibin da ke son shiga aikin baɗi ya ba malamin ajinsa suna.