Kankaren da ke baje kansa: zai yi aiki a unguwar tashar jirgin Kano?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a kewayen tashar da ke Fagge ne kantuna da ɗakunan ajiyar gyaɗa suka tashi, Sabon Gari ya cika. Yau filin gini ya yi wuya a wannan yanki, shi ya sa kowa sama yake kallo: a ɗora hawa kan hawa, a yanka shaguna. Masu harkar waya ba su manta da benen da ake ginawa wanda ya rufta a kasuwar waya ta Beirut Road a watan Agustan 2022 ba. Don haka zancen kankare ya shafi mai sayar da caja kamar yadda ya shafi injiniya.

Akwai wani nau'in kankare da ya haɗa abu biyu. Ba shi da nauyi sosai, sannan da kansa yake malala ya cika katako, ba sai an zura masa injin girgiza ba.

Malalar daga Japan ta fito. A 1986 Farfesa Hajime Okamura na Jami'ar Tokyo ya kawo shawarar, saboda ƙwararrun ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma kankaren da ba a girgiza da kyau ba yana barin ramuka kamar saƙar zuma, ruwa ya shiga, rodi ya yi tsatsa. A 1988 aka haɗa samfurin farko. Sirrin ba yawan ruwa ba ne. Ana ƙara gari mai laushi, a rage manyan tsakuwa, a zuba wani sinadari da ke hana ƙwayoyin siminti dunƙulewa. Sai kwaɓin ya riƙa gudu kamar kunu mai kauri, yana ratsa tsakanin rodi.

Rashin nauyin kuwa tsohon ilimi ne. Rumawa sun sa dutsen aman wuta mai ramuka a saman ƙubbar Pantheon, mai faɗin mita 43, kusan shekara 1,900 ke nan tana tsaye. Yanzu ana gasa yumɓu a wuta har ya kumbura, ya maye gurbin tsakuwa. Akwatin da ke da mita ɗaya a kowane ɓangare, in ka cika shi da kankaren da muka saba, zai kai kilo 2,400. Da marar nauyin ba zai wuce 2,000 ba, sau da yawa wajen 1,800 yake tsayawa. A daɓen bene guda, wannan tan-tan ne aka sauke wa ginshiƙai da harsashi.

To, ƙarfi fa? In an haɗa shi daidai yana kai megafaskal 30 zuwa 40 bayan kwana 28, alhali yawancin gidajenmu a kan 20 zuwa 25 ake zana su. Amma yana da halinsa. Ya fi lanƙwasa a ƙarƙashin kaya, kuma in zai tsage, tsagar ta tsakiyar tsakuwar take bi, ba ta kewaye ta. Wajen daɗewa ba ya jin kunya. Jirgin ruwa Selma, da aka ƙera da kankare marar nauyi a Amurka a 1919, har yau gangar jikinsa na zaune cikin ruwan gishiri kusa da Galveston. Wani abin sha'awa ma, tsakuwar mai ramuka tana shan ruwa ta ajiye, daga baya ta riƙa sakar wa siminti a hankali, wato tana shayar da ginin daga ciki.

Matsalar tana wurin haɗa halayen biyu. Tsakuwa marar nauyi a cikin kwaɓi mai gudu so take ta taso sama, kamar gawayi a bokitin ruwa. Ruwa ya ɗan yi yawa, shi ke nan, saman daɓe tsakuwa zalla, ƙasa madarar siminti. Ga shi mun san al'adar wurin aiki: kwaɓi ya fara tauri, lebura ya kamfato ruwa ya ƙara don shebur ya shiga. Kankaren gargajiya ma yana cutuwa da haka, wannan kuwa lalacewa yake gaba ɗaya. Ƙara da iskar hunturu da zafin Afrilu, masu busar da fuskar daɓe kafin ya kama. Wannan kwaɓin ba ya tsatso ruwa a sama sosai, don haka in ba a lulluɓe shi nan take ba, tsagewa zai yi.

A ganina, ba kayan kwaɓawa a bakin titi da shebur da kwano ba ne. Wurinsa masana'anta, inda ake auna komai a sikeli, a zuba bango da daɓe da matakala a kawo su a mota. Bai kuma dace da ko'ina ba. Sababbin layukan dogo na Kano zuwa Maradi da Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, sandunan da ake shimfiɗa ƙarfen a kansu nauyi ake so su yi, don su danne layin. Rumfar fasinjoji, gadar masu tafiya a ƙasa da hawan sama na shaguna, nan ne rage nauyi ke da riba. Garin laushin ma ba sai an je nesa ba: tokar ɓuntun shinkafa, in an ƙona shi yadda ya kamata, tana iya maye wani kaso na siminti, ga Kura nan a kusa.

In ka ji ɗan kwangila na cewa kankarensa mai baje kansa ne, akwai gwajin da wayarka za ta iya ɗauka. Ana cika mazurarin gwaji a kan faranti, a ɗaga shi tsaye. Kwaɓin zai baje ya yi da'ira mai faɗin santimita 55 zuwa 85. Matso da kyamara bakin da'irar. Tsakuwa ta isa har gefe tare da siminti, ya yi. In ta taru a tsakiya, ruwa-ruwa ya zagaye ta, kada a hau da shi bene.