Sassaben Zamani: Abin da Ya Dawo da Itatuwa Gonakin Maraɗi

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a farkon shekarun 1980 ya san gonaki fayau, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka. Yau gawo da kalgo da aduwa ne tsaye a tsakiyar gero. Masu bincike da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar, kuma akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Daga tsofaffin kututturai suka tofo.

Dabarar ba wuya. Lokacin sharar gona, maimakon manomi ya sassabe tohon sabara ko kalgo ƙarƙaf ya cinna wuta, sai ya zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ya sare sauran, ya datse na gefe da lauje ko gatari. Saiwar ta daɗe da nutsewa, don haka tohon kan yi saurin da dashe ba ya yi. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, shi ya fara yayata wannan a 1983, bayan ya gaji da ganin dashensa na mutuwa.

Ana yawan ba shi duk yabon, kuma ya cancanci rabonsa. Sai dai a yunwar 1984, da aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, mutane sun bar su. Abinci na ƙarewa aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Abin da ya zaunar da aikin shi ne mallaka. Tun zamanin Faransa itace na hukuma ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin manomi tara kan reshen da ya sara a gonar ubansa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta wannan doka, daga baya dokar gandun daji ta 2004 ta biyo, sai lissafi ya juya. A Ɗan Saga, yankin Agye, ƙauye ya kafa kwamitin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki.

Amfanin ya fi bayyana a tukunya. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya rufe gero da inuwa, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa ga tumaki da rani. Matar da a da take wuni neman kirare yanzu a gonar gidansu take samu. A Mirya kuka ta zama jari, matasa na kai buhunan ganyenta kasuwa. Ilimin kuma a gona yake wucewa: yaro na biye da ubansa, ana nuna masa reshen da za a bari, yarinya na koyon dafa ganyen aduwa da tafasa wurin kakarta. Al'adar kare itace ma daɗaɗɗiya ce, don sarakunan Damagaram sun hana saran gawo tun ƙarni na 19.

Akwai inda gizo ke saƙa. Mai gona ne ke cin riba. Wanda ya yi aro ko jingina ba ya da tabbacin itacen da ya rena, mata da yawa kuma suna cikin wannan sahu. Daji da kowa ke shiga ya zama mai iyaka, shi ya sa rigima da makiyaya kan saran rassa da satar itace da dare ba su ƙare ba. Gonaki kuma sai ƙara tsukewa suke wajen rabon gado, itace ba zai faɗaɗa su ba.

Jihohin Katsina da Jigawa da ke maƙwabtaka da wannan yanki suna kashe kuɗi kan dashe kowace damina. Da sun fara tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen gonarsa nasa ne, da sun fi ganin sakamako.