Gobarar Grenfell da Haƙƙin Maƙwabtaka

A yammacin birnin Landan, cikin unguwar Kensington ta Arewa, an gina wani dogon bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell, wanda aka kammala a shekarar 1974 domin zaunar da masu ƙaramin ƙarfi; kuma ko da yake ƙaramar hukumar da ta mallake shi tana cikin mafiya arziki a duk ƙasar Ingila, mazaunansa galibi mutane ne masu cin guminsu, waɗanda neman abinci ko gudun yaƙi ya kwaso daga Maroko, Habasha, Eritiriya, Sudan, Siriya, Iran, Afganistan, Gambiya da Filifin, ya haɗa su rufi ɗaya da 'yan ƙasa. Wasunsu sun shaƙu tun shekaru, wasu kuwa iyakar saninsu da juna gaisuwa a bakin ƙofa.

A daren 14 ga Yuni, 2017, gab da ƙarfe 1, wuta ta tashi daga firji a ɗakin girkin wani gida a hawa na 4. Da ginin yana yadda aka fara yin sa, la'alla da ta tsaya nan. Amma a gyaran da aka ƙare a 2016 an lulluɓe bangonsa na waje da fallayen alminiyum masu roba a tsakiya, robar kuwa tana ci kamar busasshiyar ciyawa a cikin hunturu, don haka cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba sai da wutar ta kai ƙololuwa. Matakala ɗaya tak ke gare shi, hayaƙi ya cika ta, kuma umarnin da aka saba bayarwa, cewa kowa ya zauna cikin gidansa ya jira ceto, ba a janye shi ba sai ƙarfe 2:47. Rayuka 72 suka salwanta, har da wani saurayi ɗalibin injiniya wanda ya kuɓuta daga yaƙin Siriya, ajali ya same shi a inda ya zaci aminci.

Musibar ta faɗo a goman tsakiya na Ramadan, lokacin da daren Landan yake gajere ƙwarai, har masu azumi da yawa ba sa kwanciya tsakanin tarawihi da sahur. Saboda haka suna cikin waɗanda suka fara jin ƙauri, suka bi ƙofofi suna bugawa suna tada masu barci, ba tare da sun tambayi addinin na bayan ƙofa ba. Malamanmu sun karantar da cewa maƙwabta iri uku ne, akwai mai haƙƙi uku, da mai biyu, da mai ɗaya, kuma wanda ba ɗan'uwa ba ne a jini ko a addini, haƙƙinsa na maƙwabtaka yana nan daram a wuyanka. A ganina wannan haƙƙi guda ɗaya shi ne igiyar da take ɗaure da mazauna manyan birane alhali ba su lura da ita ba, domin mutanen da suke hawa matakala ɗaya makomarsu a haɗe take, ko sun san sunan juna ko ba su sani ba.

Kafin gari ya waye masallacin Al-Manaar ya buɗe ƙofofinsa, haka ma cocin St Clement da na Methodist, mabiya addinin Sikh suka zo da dafaffen abinci, tufafi da barguna suka taru har wurin ajiya ya yi ƙaranci. Hukuma ce ta makara, har Firayim Minista Theresa May ta nemi gafara a majalisa bisa gazawar gwamnati a kwanakin farko.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda waɗannan jama'a, da harsuna daban-daban da ladubban makoki daban-daban, suka samo hanyar yin ta'aziyya tare. Wani al'adarsa kuka da ƙarfi, wani addu'a a ɓoye, wani kunna kyandir. Sai suka zaɓi shiru, wanda kowa yake iyawa. Shekaru da dama, ranar 14 ga kowane wata, sukan fito sanye da koren tufafi su zaga unguwa ba mai cewa uffan, 'yan kwana-kwana kuma su jeru a gefen hanya ana musafaha da su. Daga cikin wannan baƙin ciki ne waɗanda suka tsira da iyalan mamata suka kafa ƙungiyar Grenfell United, suka dage sai an raba sauran gine-ginen ƙasar da irin waɗannan fallaye, domin amfanin mutanen da ba su taɓa gani ba.

Mumini ya yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci da amana. Tun a Nuwamba 2016 wasu mazauna benen suka yi gargaɗi a rubuce cewa sai an yi babbar asarar rayuka kafin a saurare su, ba a kuwa saurare su ba. Kwamitin binciken da tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick ya shugabanta ya fitar da rahotonsa na ƙarshe ranar 4 ga Satumba, 2024, inda ya tabbatar da cewa duk mutuwar nan abin da ake iya kauce wa ne, ya kuma kama wasu kamfanonin kayan gini da rashin gaskiya da gangan. A watan Fabrairu 2025 gwamnati ta sanar da cewa za a rushe benen. Amma tun a 2024 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suka ce ba za a yanke shawarar gurfanar da kowa ba kafin ƙarshen 2026, wato kusan shekara goma bayan gobarar, kuma wannan jinkiri zalunci ne na biyu a kan iyalan da suka yi ta haƙuri.