Hoton Gwiwar Tsofaffi: Abin da Yake Nunawa da Inda Ya Tsaya

A ƙasar Jega, Aliero da Maiyama, gwiwa ce jarin talaka. Da ita ake tsugunawa a dasa albasa, da ita ake shiga fadama, da ita ake durƙusawa gaban murhu, kuma da ita ake sujada. Shi ya sa idan dattijo a Gehuru ya koma yin salla a zaune, ko tsohuwa ta fara dafa bango kafin ta miƙe, maganar ba ƙarama ba ce. Mutane kan ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Likitoci suna kiran sa amosanin gaɓɓai. A ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna, kuma shekaru da ƙiba da tsohon rauni da yawan tsuguno su ke zaizaye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

'Ya'ya masu tausayi, da zarar sun ga haka, sai su ce, "Baba, tashi mu je a ɗauki hoto." Niyyar mai kyau ce, amma ya kamata a san me hoton zai iya faɗa.

Hoton ƙashi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895, ba ya ganin guringuntsi ko kaɗan. Idan likita ya ɗaga hoton ya kara shi da haske, ƙasusuwa biyu farare yake gani da wani baƙin fili a tsakaninsu, kuma faɗin filin nan shi ne kaurin guringuntsin da ya rage. In ya tsuke, musamman ta gefen ciki, to abu ya zaizaye. Zai kuma duba ko bakin ƙashin ya fitar da 'yan tsiro, ko ya yi tauri fiye da kima. Nan ne tsayuwa take da muhimmanci. In an ɗauki hoton mutum yana kwance, nauyin jiki bai danne gaɓar ba, filin zai fito da faɗi, a sallame shi a ce ba komai alhali akwai. Hoton da aka ɗauka a tsaye shi ke faɗin gaskiya, kuma majinyaci na da damar ya tambaya.

Tun 1957 likitoci biyu a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka kasa abin da ake gani mataki-mataki, daga 0 zuwa 4, kuma har yau da ma'auninsu ake aiki. Sai dai mataki ba shi ne zafi ba. Akwai tsohon da hotonsa ke mataki na 3 yana zuwa gona kullum, akwai kuma tsohuwar da nata bai wuce na 1 ba amma ba ta barci. Saboda haka hukumar NICE ta Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce wanda ya kai shekara 45, ciwonsa yana tashi in ya yi aiki, kuma ƙagewar da yake ji da safe ba ta wuce minti 30, ana iya gane ciwonsa ta tambaya da taɓawa, ba sai da hoto ba.

Na'urar MRI kuwa tana nuna guringuntsi da jijiyoyi tar, amma tana da tsada, kuma sai an yi tattaki zuwa manyan asibitoci. Sau da yawa ma tana nuna abin da ba shi ke damun mutum ba. A wani bincike da aka wallafa a 2008 kan mutum kusan 1,000 masu shekara 50 zuwa 90 a Framingham ta Amurka, kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ga yagewa a guringuntsin tsakiyar gwiwarsu ba su ji ciwo ba a watan da ya gabaci binciken. A ganina, bai kamata a sayar da tunkiya ko buhun albasa saboda wannan hoto ba, sai in likitan ƙashi ne ya nema da dalilinsa.

Akwai inda hoto ya zama dole. Aliero ta yi suna wajen ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya, kuma ba a raina wannan gado. Amma gwiwar da ta zaizaye ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ce, babu abin da za a ɗora. Ja da murzawa da ɗaurewa tamau sai su ƙara sandarar da ita. In tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a fara ɗaukar hoto kafin kowa ya ja. In gwiwa ta kumbura ta ɗauki zafi ga zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, don mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, kuma tsaga da ƙaho suna iya ƙara ta'azzara ta. Haka nan in ciwo ya kai ana tunanin aikin sauya gwiwa, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, hoton tsaye ne zai yi wa likita jagora.

Ga mafi yawan tsofaffinmu, abin da ke kawo sauƙi ba ya cikin ɗakin hoto: motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, rage ƙiba, riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, da maganin shafawa. Haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake saya a kyamis a sha kullum kuwa suna iya jawo gyambon ciki su kuma lalata ƙoda. Mai karatu, in kana da tsoho mai ciwon gwiwa, kai shi asibiti mafi kusa a duba shi da hannu tukuna. In an ce sai hoto, ka roƙa a ɗauke shi yana tsaye.